Takalmin Amaryar da Ban Gani Ba

Majid, na ji abin da ka gaya wa abokanka jiya a bakin dukkan ɗin nan, wato shagon nan nawa, kada ka zaci kunnen kakanka ya mutu. Wai aikina haja basiɗa ne, abu mai sauƙi, a yanka fata a ɗinke, halas, shi ke nan. To madalla. Ga wuƙa, ga kirgi, yanko mini tafin takalmi guda wanda gefensa bai yi haƙora ba. Ka gani? Ko riƙon wuƙar ba ka iya ba, ka damƙe ta kamar mai shirin fere kabewa. Ajiye mini kayana, ku gyara zama in gaya muku abin da ake kira dukanci. Wanda Hausar ta yi masa nauyi ya tambayi na kusa da shi, ni dai ba zan maimaita da Larabci ba.

A nan Jidda aka haife ni. Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga kafin ya ƙetaro ruwa, da ya sauke farali kuma sai ya yi zamansa. Shi ya kama hannuna ya kai ni wurin Mu'allim Bala a unguwar Sa'alaba, wani Bahaushen Sudan mai saurin hannu, a wurin aiki da wurin mari duka. Ranar farko buhun tsofaffin takalma ya zazzage a gabana, irin waɗanda alhazai ke yarwa bayan aikin hajji, ya ce in riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina gaya masa yadda mai shi yake tafiya. Na ce, "Mu'allim, ai ban san masu su ba." Ya ce, "Kai jaki ne? Ga su nan a hannunka." Haka na yi ta juya takalma masu wari har idona ya buɗe. Wannan dunduniyarsa ta cinye ta ciki, mai shi gwame ne. Wannan bakinsa ya goge, tsoho ne mai jan ƙafa. Wannan ya lotsa a tsakiya, ɗan dako ne. Sai da na iya wannan karatun sannan ya bar ni na taɓa basilla.

Salkar farko da na ɗinka ta wani sagga ce da ake kira Ɗan Borno. Ku ba ku san sagga ba, ku da kuka tashi kuka tarar da famfo. Shi ne mai kai ruwa gida-gida, ya goyo salka a baya yana hawa benayen tsohon gari. Fatar akuya ce da aka feɗe ɗungurungum ba a tsaga cikin ba, an jeme ta da bagaruwa, amma wuƙar mahauci ta ɗan lashe ta a haƙarƙari. Sai ka juya ta baibai, ka yanka maho zagayayye, ka murza zare da kakin zuma har ya yi santsi. Abin da ake ɓoye wa sabon shiga shi ne hudar basilla dole ta fi zaren ƙanƙanta, don zaren ya toshe ramin da kansa. In ka huda da faɗi don allura ta wuce da sauƙi, ka sauƙaƙa wa ruwa ne shi ma. Da na gama, Mu'allim ya sa aka cika ta, ya rataye ta a ƙusa daidai saman tabarmarsa, ya kwanta ƙailula a ƙarƙashinta. Ya ce in ɗigo ɗaya ya taɓa shi, in nemi wata sana'ar. Ya tashi da la'asar rigarsa a bushe, washegari kuwa ya ba ni wuƙa tawa ta kaina.

Kayan aikinmu ke nan, ba su fi cikin zabira ba: wuƙar yanka, wuƙar fiƙe gefe, basilla, allurai, dutsen wasa, guduma ta itace da dunƙulen kaki. Da su muka ɗinka salka da guga, da fade na maza, da huffi, da gafakar Alƙur'ani. Fatar kuwa alhazanmu ke kawo ta. Mutum zai taso daga Sakkwato ko Kano da ƙunshin jar fata mai karan dafi a matsayin guzuri, ya sayar a nan ya yi hidimarsa. Ni ko a duhu na shanshana na san tamu.

Sai shekarar zannuba ta zo. Wannan silifa na roba da ke ƙafarku duka, har kai Majid, ba ka ko jin kunya. Jirgi ya juye su a tasha buhu-buhu, yaro da babba kowa ya zura. A daidai lokacin saggaye suka koma garwa, motocin ruwa suka shiga unguwanni, babu mai tambayar salka. Mu'allim ya riga ya rasu, ni ina da dukkan ɗina a unguwar Kurayyat, ga kakarku da 'ya'ya ƙanana. Dukawan layinmu suka watse, wani ya koma dako a bakin ruwa, wani ya koyi tuƙi. Ni na ce ba inda za ni. Na zauna ina wasa wuƙar da ba ta yanka komai ba, ga jar fata mai kyau da na saya a hannun alhazai tana ninke tana jiran ƙwari.

Bayan hajjin wannan shekarar wani dattijo fari, dogo, ya tsaya a bakin dukkan, ya cire takalminsa ya miƙo mini. Ja ne, mai dogon harshe a gaba, an yi masa ado da siliki, tafin ya rabu da sama. Na shanshana na ce, "Wannan fatar ƙasarmu ce." Ya yi murmushi ya ce da ni, "Sannu da aiki," da Hausa! Ashe kakanninsa fataken Kano ne ta hamada, sauran zancen dai da Larabci muka yi. Sunansa Alhaji Ƙasim, mutumin Gadamus ne a ƙasar Libiya. Ina ɗinki ina juya takalmin, sai na ce, "Alhaji, ka taɓa karyewa a ƙafar dama, kuma ɗorin bai zauna daidai ba." Ya dube ni. Ya ce raƙumi ne ya ka da shi yana saurayi, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Da na gama aikin sai ya kira ni Usta, wato gwanin sana'a, ya ce, "Usta Haruna, zan aurar da 'yata bayan girbin dabino. A garinmu amarya da ƙafarta take zuwa gidan miji, cikin jan takalmi, duk matan gari suna kallo. Ina son kai ka ɗinka shi. Ka biyo ni, tafiyarka da cinka duk a wuyana."

Na ce zan yi shawara. Kakarku ta ce, "Shawarar me? Zaman da kake yi nan ai ko kuɗin waken ful ba ya kawowa. Yalla, ɗaure fatarka." Na ɗaure.

Zamanin Libiya tana da sarki ne. Muka hau jirgin ruwa zuwa Masar, muka bi gaɓar teku a mota har Tarabulus, daga can babbar mota ta hau duwatsu da mu ta gangara kudu. Tun ina ganin ciyawa har ta ƙare, sai tsakuwa da rana. Mota ta gama jijjiga mu sannan wata safiya direba ya nuna wani baƙin layi can gaba, ya ce dabinon garin ke nan.

Ban taɓa ganin gari irin wannan ba, har yau kuma ban sake ba. Titunansa a rufe suke. An gina gidaje a kansu, an shafe ko'ina da farar ƙasa, kana shiga daga rana sai duhu da sanyi kamar ka leƙa cikin randa. Can da can akwai kafa daga sama inda haske ke saukowa. Kwanakin farko goshina ya sha bango. Mutanen garin kuwa ba sa karo, in mutum zai sha kwana sai ya yi gyaran murya. Ga shiru. A Jidda ko barci kake kana jin mota da jirgi da mai tallan burodi, can kuwa kukan cikinka ma sai ka ji kunyarsa. Suna magana ƙasa-ƙasa da harshensu na Barbar, ɗan'uwan Buzanci ne, Larabci sai da baƙo ko a masallaci. Da hantsi dattawa su zauna a kan dakalai cikin inuwa, a dafa shayi a zuba gyaɗa a ciki, a sha ba gaggawa. Tsakiyar gari akwai idon ruwa da ke shayar da gonakin dabino, da wani mutum da ke zaune cikin lungu da ƙoƙon tagulla mai huda, yana auna wa kowace gona lokacin ruwanta. Abincinsu bazin, tuwon sha'ir ne mai tauri, na ci na ce ashe 'yan'uwa ne. Ɗakin baƙi na Alhaji kuwa ja ne da zane, madubai da tasoshin tagulla da faya-fayai sun rufe bango har sama.

Abu biyu suka ɗaure mini kai. Na ɗaya, ban ga mata ba. Ashe garinsu daban ne, a sama. Rufin gidajen duk a haɗe yake da ƙananan hanyoyi, can suke ziyara, can suke kasuwarsu, can suke shanya, namiji baligi ba ya hawa. Ta can amarya za ta bi zuwa gidan miji. Na biyu, bayan masallaci na tarar da dukawa a zaune, ɗinkinsu kuwa ba na raini ba ne. Na ce a raina, mutumin da ke da waɗannan a ƙofar gida me ya kai shi ɗauko badukku daga Jidda? Na bar wa cikina.

Aka ba ni wani ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa, inda haske ke faɗowa. Mai kai saƙo tsakanina da sama wata tsohuwa ce baƙa, Inna Mabruka, wadda ta yi renon amaryar. A cikin mata, masu hidimar gida irinta ne kaɗai ke hawa su sauka yadda suka ga dama. Kakarta daga ƙasar Hausa aka zo da ita, ita kuma ta riƙe harshen, wata irin tsohuwar Hausa da ko mahaifina ba ya yi. Tana ganina ta ce, "Ɗan nan, kai ne badukun Makka? Ai na zaci babba ne." Na ce, "Inna, Jidda dai." Ta ce duk ɗaya ne. Na ce ina son awon ƙafa. A Jidda sai in durƙusa in kama ƙafar mutum, in dora ta a kwali in zagaye da fensir. Ta ce, "Ka kama ƙafar wa? Rufa wa kanka asiri." Ta hau, ta sauko da ganyen dabino biyu, ɗaya an yanke shi daidai tsawon ƙafa, ɗaya an ƙulla shi daidai faɗi. Ta kawo kuma takalmin auren uwar amarya don in ga irin adon.

Na zauna na yi aiki irin wanda ake nuna wa tsara. Na zaɓi bayan fatar, inda ta fi laushi, na fiƙe gefe har ya yi kamar takarda, na kwaikwayi adon silikin nan kore da rawaya ba tare da na kuskure ƙulli ɗaya ba. Inna ta saka a kwando ta rufe da faifai ta hau. Washegari ta sauko da kwandon, takalmin na ciki, an cika kowace ƙafa da dabino. Na ce lallai an yaba, an ba ni ajiya ke nan har ranar biki. Na cinye dabinon nan tas. Da muka haɗu da Alhaji a masallaci na ce, "Ya aikin?" Ya ce, "Hannunka mai albarka ne," ya shiga ba ni labarin ruwan gonarsa.

Sai bayan kwana biyu Inna ta leƙo ta gan ni ina miƙe ƙafa. Ta ce, "Ɗan nan, zaman me kake yi?" Na ce na gama. Ta tafa hannu. "Af! Ka cinye dabinon ko? Mutanen nan ba sa ce wa baƙo a'a. In sun mayar maka da abu da dabino a ciki, sun ce bai yi ba ne, amma kada ranka ya ɓaci." Na ce to me ya same shi? Ta ce ita 'yar aike ce. Na sake auna ganyen, na sake auna takalmin, daidai wa daida. Na ce wataƙila ƙafar mai tudu ce. Na yanka wata fatar, na ƙara sarari a sama, na sake zaman ado har idona ya yi ja. Ya hau, ya kwana, ya sauko da dabino.

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, ni fa ba a taɓa mayar mini da aiki ba, ko ina yaro. An ɗauko ni daga wata duniya don a yi mini wasa da hankali? In dukawan bayan masallaci ake so, ga su can, a sallame ni!" Ta bar ni na gama, ta ce, "Ka rage murya, a garin nan bango ma yana ji." Ta fita. Na duba ƙunshina, fatar da ta rage ta takalmi ɗaya ce tak, a gonaki kuma an kusa gama girbin dabino.

Da na huce sai na zubar da dabinon a faifai, na ɗauki takalmin na kai ƙarƙashin haske, na yi masa kallon da ya kamata in yi wa na farko. An saka shi, an ɗan taka. Tafin na dama ya yi fari da ƙurar rufi tun daga baki har dunduniya. Na hagu kuwa gabansa kaɗai ya yi fari, dunduniyar tana nan sabuwa fil. Na duba sama, na hagu ya karye da zurfi a kan yatsu. Na zura hannu ciki, gurbin dunduniya ko lotsawa bai yi ba. Sai na gane. Yarinyar nan a kan yatsu take taka ƙafar hagu, domin ƙafar ba ta kai ƙasa.

Da Inna ta dawo na rufe ƙofa na ce, "Inna, ta hagun gajera ce." Ta tsaya da kwando a hannu. Ta ce, "Wa ya gaya maka?" Na nuna mata tafin. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce zazzaɓi ne ya kama yarinyar tana tatata, ta tashi ƙafar ba ta bi 'yar'uwarta ba. Ba wanda ake ruɗa, angon ɗan baffanta ne, shi da uwarsa sun sani, shi ya ce yana so. Amma ita ta rantse ba za ta yi ɗingishi a gaban matan gari da kiɗa a bayanta ba. Ta ce gara a kai ta a ɓoye. A wurinsu kuwa amaryar da ba ta taka rufi ba, har jikokinta sai an yi musu gori. Tun da takalmi na biyu ya sauko ba ta ci abinci ba.

Na ce, "To me ya hana Alhaji ya gaya mini tun a Jidda? Da ban ɓarnatar da fata ba." Ta ce, "Haba ɗan nan. Uba ya buɗe baki ya siffanta wa namiji ƙafar 'yarsa? Ko dukawan garin nan ba zai iya gaya wa ba. Ya dawo yana ba uwarta labari, wai ya sami wani a bakin teku da ke gane karaya daga takalmi. Ya ɗauko ka ne don ka gani ba sai an faɗa ba." Na ajiye takalmin. Na ce, "To na gani. Kada ki ce masa na ce komai."

Yanzu saura in san tazarar, ga shi ba halin aunawa. Na tattara guntayen kirgi, na yanka su siffar dunduniya, na tara da yawa na ba Inna. Na ce yarinyar ta tsaya ba takalmi a wuri mai daidai, a ɗora mata ƙwarya cike da ruwa a ka, a riƙa cusa guntayen ƙarƙashin dunduniyar hagu har sai ruwan ya kwanta, ita kuma ta ji ƙugunta ya saki. Waɗanda suka shiga a ɗaure su da zare a kawo mini. Inna ta ce, "Wannan kuma wane irin tsubbu ne?" Na ce ta dai je. Ta sauko da ɗauri mai kaurin yatsu biyu da ɗan ɗoriya.

In na jera kirgi mai wannan kauri a cikin takalmi zai yi nauyi, ta riƙa jan ƙafa, an gudu ba a tsira ba ke nan a gaban mata masu ido. Sai na tuna masuntan Jidda da ke ɗaura gindin reshen dabino a jikin taru don ya yi iyo, wannan mai faɗin da ke manne da kututture. Ba nauyi, ga ƙarfi, a garin kuwa har wuta ake hurawa da shi. Na zaɓo busasshe na sassaƙa shi, tudu a dunduniya yana gangarowa har ya ɓace a tsakiyar ƙafa, na lulluɓe shi da fata mai laushi na kafe shi a ciki. Wani ɓangare na tazarar na ɓoye shi a tafi: na hagu na ƙara masa falle, na dama na fiƙe shi. Sannan na ɗaga bangon takalman duka biyu har idon sawu, tsawo ɗaya, ado ɗaya, yadda in ka ajiye su gefe da gefe sai ka zura hannu za ka san akwai bambanci. Wuƙata ba ta taɓa tafiya a hankali kamar ranar ba, don in ta goce babu sauran fata. Na ce wa Inna ta sa ta riƙa yawo da shi a ɗaki kullum, ƙafar ta saba. Takalmin ya hau. Kwando ya sauko wayam, ba takalmi ba dabino. Na tambayi Inna ko amaryar za ta fita, ta ce yarinyar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, maza muka zauna a dakalan wani dandali mai rufi, a kan hanyar da za a bi ta sama. Alhaji Ƙasim na gefena da carbi, yana ja ba ya kallon kowa. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Aka daɗe ba motsi. Can sai guɗa ta tashi daga wajen gidansa, ganguna suka ɗauka, garin nan mai shiru ya cika da amo. Kiɗa ya matso, ƙura ta fara zubowa daga azarar dabino a kanmu. Sai muka ji wata mace ta ɗaga murya da faɗa, sai dariya ta ɓarke, dariyar mata da yawa, tana bin rufi tana yaɗuwa. Carbin Alhaji ya tsaya. Fuskarsa ta yi fari fat. Na ce a raina shi ke nan, ta faɗi, ko takalmin ya kwaɓe, na kashe yarinyar mutane da kunya.

Sai ga Inna Mabruka ta fito daga wata ƙofa tana haki, mayafi a karkace. Ta sunkuya ta yi wa Alhaji magana da harshensu. Ya ja gefen mayafinsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na kama hannunta na ce, "Inna, don Allah me ya faru?" Ta ce, "Uwarta ce ke mata tsawa ta rage sauri. Amarya ta bar masu kiɗa a baya, tsofaffi sai gudu suke su cim mata!"

Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba, har dattawan dandalin suka juyo. Alhaji ya sauke mayafi, ido jajir, ya dube ni ya ce, "Usta Haruna, shayi ya huce, bari a sake dafa wani." Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan, har ranar da ya raka ni mota.

Na dawo Kurayyat na daina kokawa da zannuba, na bar wa robar masu lafiyayyun ƙafa. Na koma ɗinka wa waɗanda roba ba ta san da su ba: wanda shan inna ya taɓa, wanda mota ta karya, tsohon da yatsunsa suka hau juna. Da su na ciyar da uwarka, Majid, har na aurar da ita. Yarinyar nan kuwa ban ga fuskarta ba, ban ji muryarta ba, ko sunanta ba a gaya mini ba. Amma ƙafarta ta hagu, in ka miƙo mini fata yanzu, zan yanka maka ita ba tare da awo ba.